Babi na Bakwai: Yadda Rai Ya Karkata Hagu

Furotin ɗin da ke jikin ɗan Adam, tun daga tsokar cinya har zuwa sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, an harhaɗa shi ne daga ƙananan sinadarai iri ashirin da masana ke kira amino asid. Goma sha tara daga cikinsu suna da siffa biyu, kamar yadda mutum yake da hannu biyu. Hannun dama da na hagu yatsu biyar-biyar ne, tsarinsu ɗaya, kowanne hoton ɗan'uwansa ne a madubi, amma duk yadda aka jujjuya ɗaya ba zai taɓa komawa ɗayan ba. Haka waɗannan sinadarai suke. Akwai na hagu, akwai na dama. Nauyinsu ɗaya, zafin da ke narkar da su ɗaya, yadda suke narkewa a ruwa ɗaya.

Amma rai da guda ɗaya kawai yake aiki. Mutum da raƙumi da kuka da gero da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, dukansu da amino asid na hagu suke gina furotin. Sukarin da ke riƙe da zaren DNA da RNA kuwa na dama ne a jikin kowane mai rai da aka taɓa bincika. Akwai 'yan amino asid na dama a bangon wasu bakteriya, sai dai ba da su ake ginin furotin ba. Hagu da dama a nan laƙabi ne da masana suka amince da shi a tsakaninsu. Abin da ya dame mu shi ne an ɗauki ɗaya an bar ɗaya, alhali dokokin da ke haɗa sinadarai ba su fifita kowanne ba.

Tambayar kimiyya a nan tambayar sababi ce: ta wace hanya doka mai adalci tsakanin ɓangare biyu take haifar da duniya mai ɓangare ɗaya? Amsa mafi ƙarfi da aka samu ta fito ne daga wurin da ba a yi tsammani ba, wato daga masu nazarin ƙarfe mai zafi da ruwa mai tafasa.

Hantsakin Pasteur

A 1815 wani masani Bafaranshe, Jean-Baptiste Biot, ya lura cewa idan aka tace haske har ya zama ta fuska ɗaya yake kaɗawa, sannan aka ratsa shi ta cikin ruwan sukari ko wasu mayukan itatuwa, sai fuskar kaɗawar ta juya. Wani sinadarin yana juya ta dama, wani hagu. Daga cikin masu juyawa dama akwai asid ɗin tatarik, wanda ke daskarewa a jikin gangunan ruwan inabi. Shi ne kuma tsamin da harshe ke ji a cikin tsamiya. Sai aka ci karo da wani asid da ya yi daidai da shi ta kowace fuska da za a iya aunawa, amma ba ya juya haske ko kaɗan.

Louis Pasteur yana ɗan shekara 25 a birnin Paris lokacin da ya warware wannan ƙulli a 1848. Ya narkar da gishirin wannan asid na biyu, ya bari ruwan ya bushe, ya duƙufa kan ƙananan kiristal ɗin da suka fito yana dubawa da gilashin ƙara girma. Ya ga iri biyu ne: wasu suna da ɗan yankakken gefe ta dama, wasu ta hagu. Ya sa hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsibi biyu. Da ya narkar da kowane tsibi daban, ɗaya ya juya haske dama, ɗayan ya juya shi hagu da gwargwado iri ɗaya. Ashe asid ɗin da ba ya juya haske cakuɗa ce rabi da rabi, kowanne yana soke aikin ɗan'uwansa. Biot, wanda a lokacin ya haura shekara saba'in, sai da ya sa aka maimaita gwajin a gabansa da kayan da ya kawo da kansa kafin ya yarda. Pasteur ya kuma taki sa'a, domin wannan gishiri ba ya rabuwa gida biyu sai a zafin da bai kai kimanin digiri 27 ba.

Bayan kimanin shekara goma ya gano abin da ya fi wannan nauyi. Ya ba ƙananan halittu cakuɗar su ci, suka cinye na dama suka bar na hagu. Mai rai yana bambance abin da wuta da ruwa ba sa bambancewa. A 1874 Jacobus van 't Hoff daga Holan da Joseph Le Bel daga Faransa, kowanne a nasa ɓangaren, suka bayyana tushen lamarin. Ƙwayar zarrar kabon tana da mahaɗa huɗu da ke fuskantar kusurwa huɗu a sarari. Idan abubuwa huɗu mabambanta suka kama waɗannan mahaɗa, hanya biyu ce ta jera su, kuma ɗaya hoton ɗayar ce a madubi.

Rai ba zai iya zama da cakuɗa ba. Furotin yana aiki ne saboda yadda yake naɗewa, kuma zaren da aka gauraya masa hagu da dama ba ya naɗewa yadda ya kamata. A 1984 Gerald Joyce da Leslie Orgel da abokan aikinsu sun nuna cewa idan ana kwafar zaren RNA a kwalba, shigowar tubalin ɗaya ɓangaren tana tsayar da kwafar. To amma duk lokacin da aka haɗa amino asid a ɗakin gwaji daga sinadarai marasa hannu, rabi da rabi ake samu. Haka ya faru a gwajin Stanley Miller na 1953 a Chicago, inda ya ratsa tartsatsin lantarki ta cikin iskar gas da tururi ya sami amino asid. Rai yana buƙatar ɓangare ɗaya kafin ya tsaya da ƙafarsa, sinadarai kuma biyu suke bayarwa. A tsakanin nan akwai wani mataki da dole a gano.

Darasin ƙarfe

Kowace ƙwayar zarra a cikin ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce mai kai da gindi. Ƙarfi biyu ne ke jayayya a kanta. Na farko yana son ta fuskanci inda maƙwabtanta suka fuskanta. Na biyu shi ne zafi, wanda ke girgiza kowace ƙwaya yana watsa jerin. A 1895 Pierre Curie ya nuna cewa akwai ma'aunin zafi da idan aka haura shi maganaɗisun yakan ɓace. Ga ƙarfe, wajen digiri 770 ne. Sama da nan, zafi ya yi rinjaye, ƙwayoyi suna fuskantar ko'ina, jimillarsu sifili. Idan aka bar ƙarfen ya huce ya sauko ƙasa da nan, sai maƙwabtaka ta yi rinjaye, ƙwayoyin su jeru. Wannan iyaka ita za mu riƙa kira gaɓar juyi.

To ina za su fuskanta? Dokar ta ce a bi maƙwabci, ba ta ambaci gabas ko yamma ba. A tsayar da tabarya cak a tsakar gida a sake ta. Ƙasa tana jan ta daidai wa daida ta kowane gefe, amma tsayuwar ba mai ɗorewa ba ce. Za ta faɗi, kuma gefe ɗaya za ta faɗi. Ɗan motsin iska ko rawar hannun da ya sake ta ya isa ya yanke hukunci. Idan aka maimaita sau dubu, za a ga faɗuwar ta rarrabu ta kowace kusurwa. Adalcin dokar yana nan a cikin jimillar dubun, amma babu shi a faɗuwa guda. Wannan shi ne karyewar daidaito da kansa: babu wanda ya tura da gangan, dokar ba ta canza ba, tsakiyar ce ta daina riƙewa.

Wilhelm Lenz a 1920 da ɗalibinsa Ernst Ising a 1925 sun rage matsalar zuwa ƙashinta: ƙwayoyi a jere, kowacce sama take kallo ko ƙasa, zaɓi biyu kacal. Lars Onsager ya warware lissafin wannan tsari a kan shimfiɗa a 1944, ya tabbatar da cewa gaɓar juyi tana fitowa daga wannan doka mai sauƙi ba tare da an ƙara mata komai ba. Zaɓi biyu masu daraja ɗaya, sama ko ƙasa, shi ne ainihin halin da hagu da dama suke ciki.

Lev Landau, masanin Tarayyar Sobiyet, ya kawo hanyar tunani da ta game duka a 1937. Ya ce a manta da ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, a nemi lamba guda da ke auna rinjaye. A ƙarfe, yawan masu kallon sama a cire masu kallon ƙasa. A kwalbar sinadarai, yawan na hagu a cire na dama, a raba da jimillarsu. Idan rabi da rabi ne, lambar sifili ce. Idan duka hagu ne, ɗaya ce. Landau ya zana yanayin a matsayin kwari. Kafin gaɓar juyi kwarin ɗaya ne, gindinsa a kan sifili, duk abin da ya kauce sai ya gangaro ya dawo. Ana matsowa kusa da gaɓar, gindin kwarin yana bajewa. Ana wuce ta, sai tsakiyar ta zama tudu, kwari biyu masu zurfi ɗaya su buɗe hagu da dama. Sifili yana nan a lissafi, amma babu mai iya zama a kansa.

Abin da ke faruwa a bakin gaɓa

Mafi yawan sauye-sauyen da muka saba gani na farat ɗaya ne: ruwa a digiri 100 ya zama tururi, bambancinsu a fili. Amma a 1869 Thomas Andrews a Belfast ya nuna da iskar kabon dayoksaid cewa idan aka matse ta aka kai zafinta wajen digiri 31, iyakar da ke tsakanin ruwanta da iskarta tana shafewa. Ga ruwan sha, hakan yana faruwa a digiri 374 ƙarƙashin matsi da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau ɗari biyu. Dab da wannan wuri, abin da yake garai-garai sai ya yi fari kamar madara, saboda ɓangarori masu kauri da marasa kauri suna tasowa suna ɓacewa a kowane girma, har su kai girman da ke watsa haske.

A 1945 Edward Guggenheim ya tattara awon abubuwa takwas, daga cikinsu akwai iskar oksijin da naitirojin da mitan, ya ga dukansu a kan layi ɗaya suke tafiya idan sun kusanci gaɓarsu. Daga baya aka ga wasu maganaɗisu ma lambobi iri ɗaya suke bayarwa. Kenneth Wilson ne ya bayyana dalili a farkon shekarun 1970, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. A bakin gaɓa, tasirin ƙwaya ɗaya yana kaiwa nesa ƙwarai, har ƙananan bayanai game da ko ƙarfe ne ko ruwa ne su daina tasiri. Abin da ya rage shi ne irin daidaiton da ke karyewa da kuma yawan fuskokin sararin da abin yake ciki. Wannan ne ya ba mu izinin ɗauko darasin ƙarfe mu kai shi kwalbar amino asid. Ba kamanceceniya ce ta baki ba, lissafin ne guda.

Halaye uku suke bayyana a wannan wuri. Na farko, kai-komo yana girma: rinjaye yana lilo hagu da dama da faɗin da ba a gani a wani wuri. Na biyu, komai yana yin nawa: tunda gindin kwarin ya baje, abin da ya kauce yakan daɗe bai dawo ba. Na uku, kuma shi ne zuciyar wannan babi, jin turi yana ƙaruwa matuƙa. Nesa da gaɓa, turin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba yana haifar da karkata ta kimanin kashi ɗaya cikin miliyan. A kan gaɓar kanta, bisa lissafin Landau, wannan turi yana haifar da karkata ta kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, wato ninki dubu goma. Abin da ba shi da murya a ko'ina, a nan ana jin sa.

Sharuɗɗa biyu na Frank

A shekarar da Miller ya buga sakamakon gwajinsa, 1953, wadda kuma a cikinta ne aka gano siffar DNA, Charles Frank na Jami'ar Bristol a Ingila ya buga wata gajeriyar maƙala. Shi masanin fiziks ne da ya ƙware a kan yadda kiristal ke girma. Ya nuna cewa sharaɗi biyu sun wadatar. Na farko, sinadari ya taimaka wajen ƙera irinsa: na hagu ya haifi na hagu, na dama ya haifi na dama. Na biyu, su biyun su riƙa kashe wa juna kasuwa: idan na hagu ya haɗu da na dama, su manne su fita daga aiki tare.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce akwai na hagu 60, na dama 40. Kowanne ya ninka kansa, sun zama 120 da 80. Rabon bai canza ba, uku ne ga biyu. Haihuwa kaɗai ba ta ƙara rinjaye. Yanzu a koma 60 da 40, a ce talatin daga kowane ɓangare sun manne sun fita. Saura 30 da 10, uku ga ɗaya. Su ninka, 60 da 20. Sha biyar-biyar su sake fita, saura 45 da 5, tara ga ɗaya. Asarar daidai take a ɓangarorin biyu, amma ƙaramin ne ke jin ta a jika. Bayan 'yan zagaye ya ƙare.

Ba a ma buƙatar farawa da 60 da 40. Rabi da rabi cif ba ya samuwa a zahiri, kamar yadda ba a jefa kwabo sau miliyan a sami kai dubu ɗari biyar daidai sai da wuya. Ƙa'idar ƙididdiga ta ce a cikin ƙwayoyi miliyan ɗaya, ɓangare ɗaya zai fi ɗayan da kimanin dubu. Tsarin Frank yana kama wannan ɗan bambanci ya hura shi.

Akwai wurin da kwalba ta bambanta da ƙarfe, kuma dole a riƙe shi. Ƙarfe yana jeruwa ne idan an bar shi ya huce ya natsu. Sinadarai a cikin ruwa kuwa, idan an rufe kwalba an bar su, rabi da rabi suke komawa. Ko a jikin mutum haka ne: a cikin haƙori, inda furotin ba ya sabuntuwa, amino asid ɗin aspatik yana komawa na dama sannu a hankali, har likitocin binciken gawa suna kimanta shekarun mamaci da shi. Rinjayen ɓangare ɗaya yana ɗorewa ne kawai idan ana ta zuba sabon abinci ana kwashe shara. Ilya Prigogine na Brussels ya sami kyautar Nobel a 1977 kan irin wannan tsari da ke rayuwa da kwarara. A kwalba, abin da ke tsaye a matsayin zafi shi ne ƙarfin kwararar. Idan ta yi rauni, cakuɗa ce. Idan ta haura wani ƙadari, kwarin ya rabe biyu.

Daga takarda zuwa kwalba

Kusan shekara arba'in maganar Frank ta zauna a takarda. A 1990 Dilip Kondepudi da abokan aikinsa a Jami'ar Wake Forest ta Amurka suka ɗauki wani gishiri, sodiyam kiloret. Ƙwayarsa ba ta da hannu a cikin ruwa, amma kiristal ɗinsa na hagu ne ko na dama. Idan aka bar ruwan ya bushe ba a taɓa shi ba, iri biyun suna fitowa kusan daidai. Idan ana motsa ruwan yayin da yake bushewa, kusan kowace kwalba takan fito da fiye da kashi 99 cikin ɗari na ɓangare ɗaya. Wata kwalbar hagu, wata dama, babu mai iya faɗa tun da farko. Kiristal ɗin da ya riga fitowa ne abin motsawar ke farfasawa, gutsattsarinsa su zama iri, su shanye gishirin kafin kishiyarsu ta samu tasowa.

A 1995 Kenso Soai a Tokyo ya samo sinadarin farko da ke ƙera irinsa yana kuma ƙara rinjaye, daidai da hasashen Frank. A wani gwaji da suka buga a 2003, sun fara da rinjayen da bai wuce kashi 0.00005 cikin ɗari ba, bayan zagaye uku ya haura kashi 99.5. Sun nuna cewa garin dutsen kwaz na hagu ko na dama yana iya karkatar da sakamakon. A 2009 sun nuna cewa ko bambancin kabon mai nauyi 12 da mai nauyi 13 a jikin wani sinadari ya isa. Sinadarin Soai yana aiki da tutiya kuma ruwa yana lalata shi, don haka ba shi ne hanyar da rai ya bi ba. Abin da ya tabbatar shi ne cewa hanyar mai yiwuwa ce.

A 2005 Cristóbal Viedma a Madrid ya zo da wani abin mamaki. Ya zuba kiristal na hagu da na dama daidai wa daida a cikin ruwan da ya ƙoshi da gishirin, ya sa ƙananan duwatsun gilashi yana niƙa su. Ƙanana suna narkewa, manya suna girma, gutsattsari suna manne wa irinsu. A ƙarshe ɓangare ɗaya ya rage. A 2008 masu bincike a Holan tare da Donna Blackmond suka maimaita wannan da wani dangin amino asid. Niƙa da narkewa da bushewa abubuwa ne da kowane bakin tafki yake yi.

Me ya sa hagu?

Tambayar da muka fara da ita ta rabu biyu. Me ya sa ɓangare ɗaya? Wannan an sami amsarta: haihuwar kai, gaba tsakanin ɓangarori, da kwararar da ta haura gaɓa. Me ya sa hagu? A nan masana sun kasu.

Wasu suna ganin dace ne kawai. Sai dai duniya ba kwalba ɗaya ba ce. Ƙarfen da ya huce yakan rabu yanki-yanki, kowanne da inda ya fuskanta, haka ma tafkuna daban-daban za su iya karkata daban-daban, sannan iyakokinsu su yi ta turereniya har babba ya haɗiye ƙarami. Marcelo Gleiser na Kwalejin Dartmouth da abokin aikinsa sun nuna a lissafin kwamfuta a 2006 cewa hargitsin muhalli yana aiki kamar zafi a tsarin Ising: idan ya haura wani ƙadari yana goge rinjayen, idan ya lafa a sake zaɓe.

Wasu kuma suna neman turi na asali. A 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka kawo shawarar cewa wani ƙarfi mai rauni da ke sa wasu ƙwayoyin zarra rushewa yana iya bambance hagu da dama. Chien-Shiung Wu ta tabbatar da haka a farkon 1957 da ƙarfen kobal mai nauyi 60. Ke nan akwai ɗan bambancin kuzari tsakanin sinadari da hotonsa na madubi. Lissafin shekarun 1980 ya kimanta shi da kashi ɗaya cikin lamba 1 mai sifili 17 a bayanta, idan an gwada shi da girgizar zafi ta yau da kullum. Har yau ba a auna shi a jikin wani sinadari ba.

A 1985 Kondepudi da George Nelson suka tambaya ko gaɓar juyi za ta iya jin turi ƙarami haka. Lissafinsu ya ce za ta iya, da sharaɗin a ratsa ta a hankali ƙwarai, cikin dubban shekaru, a ruwa mai girman tafki da ke gaurayuwa. Kai-komon dace yana zuwa hagu yana zuwa dama yana soke kansa, shi kuwa turin, komai ƙanƙantarsa, gefe ɗaya yake turawa kullum. Da yayyafi kogi kan cika. Idan aka ratsa gaɓar da gaggawa, dace ne ke yanke hukunci. Idan aka ratsa ta da nawa, turin ne. Wannan sakamako yana da kyau ƙwarai, amma ya gamu da ƙalubale biyu. Sabon lissafi ya nuna cewa ɓangaren da turin ke fifitawa yana iya sauyawa da yadda sinadarin ya lanƙwashe. Sannan a 2019 Blackmond da Neil Hawbaker suka auna mafi ƙarancin turin da sinadarin Soai ke iya ji, suka ga ya ninka wannan bambanci sau dubu ɗari zuwa miliyan goma.

Akwai turin da ya fi wannan girma. A 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da garin Murchison a Ostireliya. A 1997 John Cronin da Sandra Pizzarello suka sami rinjayen hagu na 'yan kaso cikin ɗari a wasu amino asid na cikinsa, irin waɗanda ba a gina furotin da su, abin da ya rage zargin cewa gurɓatar ƙasa ce. A 1998 masu nazarin taurari suka gano haske mai murɗawa a gajimaren Orion, inda sababbin taurari ke haihuwa, kuma an san irin wannan haske yana lalata ɓangare ɗaya fiye da ɗayan. Amma samfurin da kumbon OSIRIS-REx na Amurka ya ɗebo daga dutsen Bennu ya sauko da shi a 2023 ya nuna amino asid kusan rabi da rabi. A 2023 ɗin kuma masu bincike a Harvard suka nuna cewa wani sinadari da ke kan hanyar ƙera RNA yana daskarewa da ɓangare ɗaya a kan dutsen maganaɗisu, abin da ya dawo da ƙarfe cikin maganar ta wata sabuwar ƙofa.

Duk wanda ya yi gaskiya a cikinsu, akwai abin da ya riga ya tabbata, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe. Mun saba neman babban sababi ga babban sakamako. Kowane furotin a doron ƙasa na hagu ne, sai zuciya ta ce lalle wani gagarumin ƙarfi ne ya tilasta hakan. Kimiyyar gaɓar juyi ta nuna cewa girman sakamakon daga na'urar haɓakawa yake fitowa, wato haihuwar kai da gaba da kwarara. Abin da ya nuna alƙibla yana iya zama ƙanƙane har ya gagari awo.

Kuma akwai hanyar yanke hukunci. Rai a duniyarmu faɗuwar tabarya ɗaya ce, ba a gane adalcin doka daga faɗuwa ɗaya. Ana buƙatar ta biyu da ta uku. Shi ya sa motar bincike mai suna Rosalind Franklin, wadda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ke shirin aikawa duniyar Mars, take ɗauke da na'urar da ke bambance sinadarin hagu da na dama. Rinjaye mai ƙarfi na ɓangare ɗaya zai zama alama mai nauyi ta cewa wani abu mai haihuwar kansa ya taɓa aiki a can. Idan na dama aka samu, rai ya tashi sau biyu kuma kowanne ya yi nasa zaɓin. Idan hagu aka yi ta samu a duk inda aka duba, to akwai turi na bai ɗaya da ya kamata a nemo. Babi na gaba zai duba yadda ake gina irin wannan na'ura, da yadda ake kare ta daga amino asid ɗin da ke jikin masu ƙera ta.